Jan Fenti a Jikin Ɗorawa

Ranar Talata, biyar ga watan azumin shekarar 1989, Maijidda Zailani ta dawo daga ofis da azahar ta tarar da baffanta, Lado Bahago, kishingiɗe a zauren gidansu na Ƙofar Kuyambana yana fifita da hularsa. Bai kamata a gan shi cikin birni ba a wannan rana. Wurinsa Kwarin Jalo ne, mil goma sha huɗu daga ganuwa, inda yake shugabantar magina tara.

"Baffa, lafiya?"

"Lafiya lau, Injiniya. Aiki ne ya tsaya."

Ba injiniya ba ce, zanen gine-gine ta karanta. Amma tun ranar da Lado ya gan ta za ta jami'a a Samaru da doguwar rula a hammata ya laƙaba mata sunan, kuma ta gaji da gyara masa. Ta cire takalmi ta zauna a bakin tabarma.

Ruwan watan Agustan bara ne ya cinye Kwarin Jalo. Gidaje ashirin suka zube cikin kwana biyu, masu su suka koma azuzuwan firamare da rumfunan kara. Ofishin raya karkara inda Maijidda take aiki ya lissafa abin da aka ware, ya ce da bulo da kwano gida shida za a iya ginawa. Ita ce ta rubuta takarda mai shafi huɗu ta ce da tubali da azara, a kan tudun da ke bayan ƙauyen, za a gina duka ashirin ɗin, kuma masu gidajen za su iya gyara abinsu kowace shekara ba sai sun jira motar gwamnati ba. Aka yi mata dariya wata guda, sannan aka ba ta aikin. Ta ɗauko baffanta, wanda ya shekara arba'in yana ɗora soraye a cikin birni.

Yanzu katangu sun tashi, an shimfiɗa azara, an rufe da ƙasa. Yaɓen ƙarshe kaɗai ya rage, shi kuwa ba ya yiwuwa sai da makuba: ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a daka shi a jiƙa har ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya kwana, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Bangon da ya sha makuba, ruwan sama zamewa yake a kansa. Wanda bai sha ba, jiƙewa yake ya narke.

"Babu makuba a ƙauyen," in ji Lado. "Ko cikin tafin hannu."

"Buhu nawa kake bukata?"

"Huɗu kowane gida. Tamanin ke nan."

"Kasuwa fa?"

"Daga can nake. Buhu shida na gani, biyu ma na bara ne, ƙwari sun gama da su." Ya mayar da hular kansa. "Kuma ko tamanin ɗin na samu, ba zan ɗauka ba. Bana kin kai musu a mota. Baɗi fa? Ƙauye da ɗorawa a ƙofar gida, a ce daga birni za a saya masa makuba? Ai ginin ya mutu tun ba a shiga ba."

Hujjarta ce ya mayar mata, wadda ta rubuta a shafi na uku.

"Kwana nawa muke da su?"

"Jiya na ga shamuwa a kan rimin bayan masallaci. Ki ce ashirin. In Allah ya tausaya, talatin. Ruwan fari ɗaya mai iska ya sami gidajen nan a tsirara, sai dai ki tattara ƙasa da shebur."

Washegari da sassafe ta hau akori-kurar ofis ta tafi Kwarin Jalo. Ta sami dagaci, Malam Isma'ila, yana duba gidan da aka ware masa kusa da inda za a yi masallaci. Suka gaisa, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kawo maganar.

"Ai bana ɗorawar ba ta yi abin kirki ba, Malama."

"A watan jiya na ga 'ya'yan suna reto har reshe na lanƙwasa. Na ga kuma ana kaɗo su da gora."

"To, ƙila tsuntsaye."

"Tsuntsaye na cin ɓawo, ranka ya daɗe?"

Dagaci ya yi dariya, ya sosa gemu, ya kalli wani wuri. "Wannan kuma sha'anin mata ne. Mu ko kalwar sai a miya muke ganinta."

Ta tambayi maza uku bayansa. Ɗaya ya ce bai sani ba, ɗaya ya ce zai tambaya a gida, na ukun ya tuna yana da akuya da za ta haihu. Matan da suke ɗebo ruwa suka wuce ta da tuluna a ka, suka amsa gaisuwarta a taƙaice ba su tsaya ba. Haka suke yi mata tun watan Janairu. Ta ɗauka kunya ce.

Kafin ta koma mota ta tsaya a bakin tudun ta dubi aikin. Gidaje goma a dama, goma a hagu, tsakaninsu filin da za a fitar da titi miƙaƙƙe daga babbar hanya zuwa masallaci. Ɗorawa goma sha ɗaya ta tarar a tudun. Bakwai sun faɗa kan layin titin, don haka a watan Janairu ta ɗauki gwangwanin jan fenti ta shafa wa kowace layi biyu a gicciye. An kayar da babbar cikinsu a watan Fabrairu don motar azara ta sami shiga. Sauran shidan suna tsaye da jansu, sai bayan Sallah masu zarto za su zo.

Da la'asar tana tsakar gida tana taya mahaifiyarta aikin buɗa-baki. Umma na kaɗa miyar kuka, ita tana tace kunun tsamiya, tana ba da labarin dagaci da tsuntsayensa. Umma ta bar ta ta kai ƙarshe.

"Itatuwan da kika shafa wa fenti, wa kika tambaya?"

"Dagaci. Da masu gonakin, su biyar. Duk sun sa hannu."

"Itatuwan na ce, ban ce ƙasar ba."

"Ai itatuwan a kan ƙasar suke, Umma."

Umma ta ajiye maburgi. Ta ɗauko dunƙulen daddawa daga cikin gwangwani ta ɗaga shi. "Wannan da kike ci tun kina rarrafe, daga ina kike tsammani yake zuwa?"

"Daga gonar Kawu Jibril, a bayan Gyallesu."

"Gonar ta Jibril ce. Ɗorawa biyun da ke cikinta nawa ne. Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabo, mu mata ba ma noma, sai aka daidaita: maza suka riƙe ƙasa, aka bar mana itatuwa. Shekara ashirin da shida ke nan, ko reshe Jibril ba ya sarewa sai ya aiko an tambaye ni. A birni ma ke nan, balle ƙauye, inda mace za ta aurar da 'ya da kuɗin kalwa."

"Babu wannan a taswirar safiyo."

"Taswira ba ta cin tuwo," in ji Umma, ta marmasa daddawar cikin tukunya. "Ki nemi tsohuwar da ta fi kowa tukunyar kalwa a garin. Kada ki je da takarda a hannu."

Ba ta sha wahalar nema ba. Ranar Alhamis warin kalwa ya kai ta bayan makarantar firamare, inda wata tsohuwa siririya take zaune a kan turmi a kife, gabanta manyan tukwane uku suna tafasa. Sunanta Delu. Mata huɗu na gefe suna wanke kalwar da ta dahu, suka ɗago suka ga Maijidda, suka sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa, sannu, Mai Fenti. Yau ba a zo da gwangwanin ba?"

Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da gefen mayafi. Maijidda ta durƙusa, kamar yadda za ta durƙusa wa Umma, ba ta nemi kujera ba kuma ba a ba ta ba.

"Na zo tambaya ce, Inna, wadda ya kamata in yi tun Janairu. Ɗorawar da ke kan tudu, ta wace ce?"

Delu ta tura itace cikin murhu, ba ta yi sauri ba. "Cikin waɗanda kika yi wa kwalliya, huɗu nawa ne, har da wadda kuka kayar. Biyu na Larai ne, ƙanwata, ga ta nan. Ɗaya ta Safiyatu ce, marainiya, ita kaɗai ubanta ya bar mata. Wadda kuka kayar, tsohuwata ce ta bar min. A gindinta aka yi min wankan amarci. Ɓawo kaɗai buhu goma sha biyu take ba ni."

"Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

"Wa aka tambaya? Kin zo da mota, kin zauna da maza a gindin ita wannan ɗorawar, kun sha inuwarta, kun dangwala hannu a takarda. Sun ba ki nasu, suka haɗa miki da wanda ba nasu ba, tunda ba su zai yi wa ciwo ba. Mu kuwa aka ce gwamnati ce. Wa zai ja da mai gina masa ɗaki?"

"Makubar fa? An ƙona?"

"Ji 'yar nan," in ji Delu, ta juya wajen matan. "Kun taɓa ganin wanda ya ƙona rigarsa don yana fushi da tela? Ai mu za mu kwana a ɗakunan."

"To, Inna, idan ruwa ya sauka ba a yi yaɓe ba, ba ɗakin da za a kwana."

"Na sani. Na girmi baffanki, na ga damina ta fi tasa yawa. Amma ki lissafa min, ke da kika yi boko. Na ba ki makuba bana, kin yaɓe, kin sare itatuwa, kin koma birni. Baɗi da me zan yaɓe? Da fentin?"

Lissafin Lado ne, kuma na Maijidda ne.

"Ranar da jan nan ya bar jikin itatuwan," in ji Delu, "ranar za a ga makuba. Ba takarda nake so ba, ban iya karatu ba. Hannun da ya shafa shi ne zai cire, kowa na gani."

"Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ki ba ni kwana biyu."

"Ni ba ni da sauri. Shamuwa za ki roƙa."

A ranar, daga la'asar har aka sha ruwa, Maijidda tana kan teburinta tana sake zanen titin. Gidajen ba sa motsi, an riga an gina. Itatuwan ma ba sa motsi. Titin ne kaɗai zai iya ba da hanya, ya lanƙwasa sau uku, ya ƙuntata a wuri ɗaya har mota biyu ba za su gifta juna ba. Ta dubi zanen da ta gama. Da malaminta na Samaru zai gan shi, da ya mayar mata.

Ranar Juma'a da safe ta shimfiɗa shi a gaban shugaban sashensu, Alhaji Jumare, mutum mai haƙuri wanda ya shekara ashirin da biyu a aikin gwamnati ba a taɓa samun sa hannunsa a inda bai dace ba. Ya sa tabarau, ya bi titin da bakin biro.

"Malama Maijidda, wannan titi ne ko maciji?"

Ta yi masa bayani cikin minti biyar: makuba, itatuwa, matan, ruwa.

"Ki yi musu fulasta da siminti mana, a huta."

"Siminti ba ya zama da ƙasa, ranka ya daɗe. Damina biyu zai ɓamɓare, kafin nan ruwa ya shige bayansa ya ci bangon ba wanda ya gani. Kuma ba su da siminti a ƙauyen. Ɗorawa suke da ita."

"Kaduna ta amince da miƙaƙƙen titi. Kwamishina da kansa zai zo buɗewa, da jerin motoci."

"Motocin za su shiga. A hankali dai."

"Sauya zane sai ya koma Kaduna. Sati shida, in ba a yi Sallah a tsakani ba, ga shi kuwa za a yi."

"Ruwa ba zai jira sati shida ba."

"Ba ni nake riƙe da ruwan ba, Malama."

Ta buɗe fayil ɗin ta zaro takarda ɗaya. Umarnin sare itatuwa ne, wanda za a ba masu zarto. A ƙasansa akwai wuri biyu na sa hannu, na farkon na jami'in da ke kula da wurin aiki ne, wato ita, kuma sai an cika shi na biyun yake aiki.

"Ba zan sa hannu a wannan ba, ranka ya daɗe. Gobe kuma zan cire alamar da na yi wa itatuwan. Na zo ne ka sani kafin in yi."

Alhaji Jumare ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Kin san za a aiko miki da takardar neman ba'asi. Shekararki uku kacal a aiki. Irin wannan tana zama a fayil ɗin mutum har ya yi ritaya."

"Na sani."

"To, rubuta. Da hannunki, da kwanan wata, cewa ke kika hana." Ya tura mata biro. Da ta gama ya karanta sau biyu, ya rufe fayil ɗin, ya ɗaga tarin da ke gefen teburin ya sa shi a can ƙasa. "Azumi ne, aiki ya yi min yawa. Ba na jin zan kai kan wannan sai bayan Sallah."

Ranar Asabar da hantsi ta isa tudun da wuƙa da buroshin waya. Ba ta aika an kira kowa ba, amma kafin ta kai gindin itacen farko mata sun fara fitowa, maginan Lado ma suka bar inuwar da suke suka matso. Fentin mai ne, ya wata uku yana shan rana, ya shige cikin tsagar ɓawon itacen. Buroshin bai yi komai ba. Ta sa wuƙa. Ta kankare har jan ya fita, amma tare da shi ɓawon ya tafi, ɗanyen jikin itacen ya bayyana yana tsattsafo da ruwa.

"Ke, tsaya! Tsaya!" Delu ce, ta ratso mutane da sandarta. "Da fenti ba ki kashe ta ba, yanzu da wuƙa za ki ƙarasa ta? Wane irin ban-haƙuri ne wannan?"

"Kin ce in cire, Inna."

"Na ce ya bar jikinta, ban ce ki feɗe ta ba. Larai, kawo laka. A haɗa da kashin shanu, ɗanye."

Aka kawo a cikin tsohuwar ƙwarya aka ajiye gaban Maijidda. Babu cokali, babu itacen shafawa, kuma ba wanda ya yi tayin kawowa. Ta naɗe hannun riga, ta cire agogo ta sa a jaka, ta ɗebo da hannu ta shafe raunin da ta yi, ta bi ta shafe sauran jan.

"Da kauri," in ji Delu. "Ba hoda kike shafawa ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Lado daga baya, da ƙarfi don kowa ya ji. "Shekara shida a jami'a, yau dai Injiniya ta shigo sana'ar gidansu."

Aka yi dariya, har da Safiyatu, wadda Maijidda ba ta taɓa jin muryarta ba. Ita Maijidda ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta wuce itace na biyu. Rana ta take, ga azumi, sau biyu jiri ya ɗebe ta ta dafa itacen har ya wuce. Ta gama na shida ana kiran azahar. Daga nan ta je gaban kututturen babbar, ta tsaya.

"Wannan ba ni da abin da zan shafa mata, Inna."

"Babu," in ji Delu. "Je ki wanke hannu."

Kafin la'asar makuba ta fara fitowa. Daga rumbun Larai da ruwa bai ci ba, daga ƙarƙashin tabarmi a azuzuwan firamare, daga bayan rumfuna, har da wadda aka tara daga itatuwan cikin gonaki. Lado ya tsaya yana ƙirga. Buhu sittin da uku.

"Saura goma sha bakwai," in ji Maijidda.

"Goma sha biyu suna cikin wancan kututturen," in ji shi. Ya tsuguna ya zana gida a ƙasa da yatsa. "Ruwan ƙasar nan daga gabas yake zuwa. Rufi da bangon gabas, kowane gida sai ya ƙoshi, ba ragi. Kudu da arewa su biyo. Yamma, wanda ya samu ya samu."

Ta ƙara sharaɗi ɗaya, Lado ya yi gunaguni sannan ya yarda: maginansa za su yi rufi da gabas, amma sauran bangwayen mai gida ne zai yaɓe da hannunsa, magini na tsaye a kansa. Zai ci lokaci. Amma baɗi babu Lado a Kwarin Jalo.

Aka shiga aiki. Mata na daka ɓawo suna jiƙawa a cikin duro da manyan tukwanen Delu, maza na kwaɓa ƙasa da ƙafa. Ana farawa bayan asuba a tashi in rana ta yi zafi, a dawo da la'asar. Lado na bi gida-gida yana zagi. Ya rushe yaɓen wani mutum sau uku, ya ce ko kaza ta taka laka ta fi shi iya shafi. A karo na huɗu ya shafa tafin hannu a kai ya wuce ba zagi, mutumin ya wuni yana ba da labari. Maijidda na zuwa kowace rana, har Lahadi. Sau biyu hadari ya haɗu a gabas, kowa ya bar abin da yake ya ɗaga kai, iska ta watsa shi.

Ranar ashirin da bakwai ga azumi makuba ta ƙare. Gida biyar ba su sami bangon yamma ba, aka jingina musu zana. Matan ne suke rabon ruwan makubar, don haka su suka zaɓi biyar ɗin, kuma gidan dagaci na ciki. Da ya zo yin magana, Delu ta ce, "Haƙuri za ka yi, ranka ya daɗe. Rabonka ne tsuntsayen suka cinye."

Ruwan ya sauka ranar Alhamis, kwana huɗu bayan Sallah, da la'asar. Maijidda na gida. Iska ta fara zuwa, ta kwashe shanyar Umma ta watsa a tsakar gida, sannan ruwan ya biyo kamar da bakin ƙwarya. Ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon indararon soronsu yana feshi, tana duba agogo. Minti hamsin da biyar. Lado na zaure, bai leƙo ba, ita ma ba ta je ba.

Da gari ya waye suka tafi tare. Akori-kurar ta maƙale sau ɗaya a laka kafin su kai. Daga babbar hanya Maijidda ta fara ƙirga rufi, ta samu ashirin. Ba ta yarda da ido ba. Ta sauka ta bi gida-gida tana danna babban yatsa a bangon gabas, sama da ƙasa, Lado na hawa tsani yana duba rufin. Bangwayen sun yi duhu, sun yi sanyi, amma yatsa ba ya shiga. Zanar gidan dagaci ta faɗi, bangon yamman ya ɗan jiƙe, bai zube ba. Gida goma sha tara ba abin gyarawa.

Na ashirin ɗin shi ne na bakin hanya, kusa da kututturen. Delu ce ta zaɓe shi tun ranar rabo, ta ce ba ta nisa da kayanta. Da babbar ɗorawar na nan, ita za ta tare iskar. Yanzu ba abin da ya tare, ruwan ya daki kusurwar gabas kai tsaye ya ci yaɓen, faɗin tafin hannu uku, har tubali ya leƙo.

Sun tarar da Delu a tsugune a wurin, da ƙwarya a gabanta, tana cike gurbin. Ƙasar da take shafawa baƙa ce, ta sha makuba.

"Inna, ai na ɗauka ta ƙare."

"Kin ɗauka duka na ba ku? Sittin da huɗu ne. Mutumin da ya sare maka itace ba ka ba shi buhun ƙarshe." Ta miƙo ƙwaryar. "Riƙe min nan, tunda kin iya."

Lado ya duba shafin tsohuwar, ya taɓe baki, bai sami abin gyarawa ba.

Takardar neman ba'asin ta zo bayan sati uku. Maijidda ta amsa da layi huɗu, ta haɗa da sabon zanen tudun. Titin na nan da lanƙwasarsa uku. A kan kowace ɗorawa ta yi da'ira ta rubuta suna da ƙananan baƙaƙe: Delu, Delu, Larai, Safiyatu, har goma. Ta yi ta goma sha ɗaya a bakin hanya, da layi tsinke-tsinke.

Alhaji Jumare ya bi su da bakin biro. "Waɗannan sunayen fa? Ba a sa irin wannan a zane."

"Masu itatuwan ne, ranka ya daɗe. Don wanda zai zo bayana ya san wa zai tambaya."

"Wannan ta ƙarshen kuma? Ai an sare ta."

"An sare. Kututturen har yanzu nata ne."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ɗauki hatimi ya buga, ya jefa fayil ɗin cikin tiren Kaduna. Ita kuwa ta naɗe kwafinta ta fita neman direba, don ta yi wa Larai alkawarin zuwa duba wata indararo da ke zuba a kan bango.